Kalmomi uku da ke karkatar da bincike a Ɗan Gulbi

A Nijar, takardun tambayoyi a kan cutar sida da kariyar yara akan tsara su ne da Faransanci, sa'an nan mai tambaya ya juya su cikin Hausa da baki. A Ɗan Gulbi, cikin gundumar Dakwaro ta jihar Maraɗi, inda manoma da makiyaya ke zama tare, kalmomi uku suna bukatar lura.

Ta farko, "shawara". Kafin awon jini da bayansa akan gana da mutum a keɓe. In ma'aikacin lafiya ya kira ganawar "gargaɗi" ko "nasiha", mai saurare yakan ji an ɗora masa laifi. "Shawara" kuwa tana bar masa zaɓi.

Ta biyu, "yaro". Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta haɗa duk wanda bai kai shekara 18 ba. Amma yarinyar da aka aurar ta zama matar gida, maigida ba zai lissafa ta cikin yara ba. Ta haka takan ɓace daga ƙidaya.

Ta uku, "taubashi". Wasan da ke tsakanin dangi da ƙabilu, kamar Fulani da Barebari, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2014, yana buɗe bakin da kunya ta rufe. Sai dai a bainar jama'a ake yin sa, sakamakon awo kuwa asiri ne.

Ya kamata a gwada waɗannan kalmomi a ƙauye kafin a shigar da su littattafan yaƙi da jahilci.