Barewa, Ƙaguwa da Mai Sayar da Mota

A hutun ƙarshen zangon karatu da ya wuce ne ɗan ƙanwata ya same ni a gida da yamma, ya miƙo mini wayarsa yana murmushi. Hoton wata jar mota ce ƙirar Jamus mai ƙofa biyu, an rage mata tsayi har cikinta ya kusa taɓa ƙasa, an sa mata faffaɗan tayoyi da wani fiffike a baya. Irin motocin nan ne da samari ke wasan juyi da su a Abuja da Kano. Ya ce, "Kawu, kuɗin da na yi shekara uku ina tarawa zan zuba a kanta. Mai ita mutumin kirki ne, da ganinsa ba zai yi ƙarya ba. Amma dai ina so ka raka ni."

Na tuna masa cewa ni ba bakanike ba ne, malamin ilimin halittu ne. Sai dai da na yi tunani, na ga cewa tambayar da ya kawo tsohuwa ce a fanninmu. Idan wani yana son wani abu daga gare ka, kuma ya san abin da kai ba ka sani ba, yaya za ka tantance gaskiyar abin da yake nuna maka? Masana halayyar dabbobi sun shafe shekaru kusan hamsin suna kokawa da ita.

Masana tattalin arziki ma sun yi nasu nazarin, kuma da tsofaffin motoci suka kafa misali. A shekarar 1970 wani Ba'amurke, George Akerlof, ya wallafa maƙala a kan kasuwar motocin hannu. Amurkawa kan kira motar da ta zama jangwam da sunan lemun tsami. Akerlof ya nuna cewa tun da mai saye ba ya iya bambanta ta ƙwarai da ta banza, ba zai taya sama da matsakaicin farashi ba. Mai mota ta ƙwarai sai ya ga an raina masa kaya, ya fasa sayarwa. Mai lemun tsami kuwa sai ya sallama da murna. Sannu a hankali kasuwa ta cika da tarkace. Wannan aiki na cikin abin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 2001 tare da Michael Spence da Joseph Stiglitz.

Motar tsere da aka yi wa sauye-sauye ta fi sauran motoci shiga wannan duhu. Kamfanin da ya ƙera inji yakan bar masa sarari, wato ba ya matsa shi har iyakar ƙarfinsa, domin ya daɗe. Mai son gudu shi ne ke cinye wannan sarari. Zai sa babbar na'urar turbo da ke cusa ƙarin iska cikin silinda, ya sake tsara kwamfutar injin ta riƙa ba da ƙarin mai. Ƙarfi zai ƙaru, amma zafi da matsi ma za su ƙaru a kan fistin, da gasket, da kuloci, da giya, waɗanda sau da yawa ba a canja su ba. Duk wanda ya taɓa kiwon kajin turawa na nama ya san irin wannan. An zaɓi irinsu don saurin girma, har su kai yanka cikin mako shida ko bakwai, amma ƙafafu da zuciya ba su bi tsoka da wannan sauri ba, shi ya sa ake samun guragu da masu mutuwar farat ɗaya. Daɗin daɗawa, injin da aka saita a Turai domin fetur mai oktan 98 da iska mai sanyi, idan aka ɗura masa man da ake samu a gidajen manmu, aka tuƙa shi cikin zafin Afrilu a Kano, man kan riƙa fashewa a silinda ba bisa ƙa'ida ba, yana cin fistin kaɗan-kaɗan. Duk wannan ɓarna a ciki take. Fenti ba ya nuna ta.

To, ko za a iya karanta gaskiya a fuskar mai sayarwa, kamar yadda ɗan ƙanwata ya ɗauka? A nan bincike bai yi mana daɗi ba. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Charles Bond da Bella DePaulo, sun tattara sakamakon gwaje-gwaje sama da 200 da aka yi da mutane fiye da 24,000, inda aka nemi su rarrabe mai gaskiya da maƙaryaci. Sun dace ne kashi 54 cikin ɗari. Wanda ya jefa kwabo sama zai dace kashi 50. Kawar da ido da sosa ƙeya da in-ina, waɗanda muka ɗauka alamun ƙarya ne, kusan ba su da wata alaƙa da ita. Mai gaskiya ma yakan diririce, musamman a al'adarmu da yaro ba ya zuba wa babba ido. Maƙaryacin da ya ƙware kuwa shi ne zai dube ka ido cikin ido, ya kawo maka ruwan sanyi.

Dabbobi ba su dogara da fuska ba. A dajin Serengeti na ƙasar Tanzaniya akwai wata ƙaramar barewa mai wata ɗabi'a da ta daɗe tana ɗaure wa masana kai. Idan ta hango kyarkeci, maimakon ta zura da gudu nan take, sai ta riƙa tsalle sama da ƙafafu huɗu a sandare. A zahiri ɓata lokaci ne da ƙarfi a daidai lokacin da ake bukatarsu. Wani masanin dabbobi ɗan Isra'ila, Amotz Zahavi, ya kawo ra'ayi a 1975 cewa tsadar irin waɗannan alamu ita ce sirrin gaskiyarsu: mai ƙoshin lafiya ne kaɗai zai iya wannan almubazzaranci ya kwana lafiya. A 1988 Clare FitzGibbon da John Fanshawe suka ba da rahoton abin da suka gani a Serengeti, cewa kyarketai sun fi bin bareyin da tsallensu ba shi da yawa, suna ƙyale masu tsalle a kai a kai. Barewa tana cewa ne, "Kada ka wahalar da kanka," ta hanyar da gurguwa ba za ta iya kwaikwaya ba.

An yi ta muhawara a kan ra'ayin Zahavi, kuma har yau ba a gama ba. Abin da akasarin masana suka tsaya a kai yanzu shi ne, ba dole ne alamar ta yi wa mai gaskiya tsada ba. Abin da ake bukata shi ne ta yi wa maƙaryaci tsada fiye da ribar da zai ci. Wasu alamun ma jiki ne ya ɗaure su. Nick Davies da Tim Halliday sun nuna a 1978 cewa kwaɗi maza a Ingila na auna girman abokin gaba ta kaurin muryarsa, domin ƙaramin kwaɗo ba shi da maƙogwaron da zai yi kukan babba.

Amma kada mai karatu ya ɗauka babu maguɗi a dawa. Misalin da na fi so in ba ɗalibaina shi ne na wata ƙaguwa da ke zaune a gaɓar teku, wadda namijinta ke da hannu guda ƙato mai kama da awartaki. Da shi yake faɗa, da shi yake yafito mace. Idan hannun ya cire, wani yakan tsiro. Patricia Backwell da abokan aikinta sun gano a Mozambik, a binciken da suka wallafa a 2000, cewa sabon hannun yakan kai na asali tsawo, amma ba shi da nauyi, ba shi da tsoka sosai. Duk da haka abokan gaba na ganinsa su ja da baya, mata kuma ba sa bambantawa. Asirinsa ba ya tonuwa sai an gwabza. Ban san wani abu da ya fi wannan kama da motar da ta yi haɗari aka buge bodinta, aka cike, aka fesa sabon fenti ba. A lura kuma, ƙaguwar ba ta ƙulla niyyar yaudara ba, hannun ne ya tsiro haka. Za mu ga amfanin wannan batu nan gaba.

Da wannan ma'auni na ce wa yaron mu kasa abubuwan da aka nuna masa. Ƙarar salansa, sheƙin fenti, fiffike, injin da aka wanke tas, rantsuwa, da labarin cewa wani dattijo ne ke hawanta zuwa ofis, duk hannun ƙaguwa ne: mai mota ta ƙwarai da mai ta banza kuɗi ɗaya za su kashe su samar da su. Agogon kilomita ma haka yake, domin mai kwamfuta yana iya mayar da shi baya cikin 'yan mintoci. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta taɓa ƙiyasta cewa ana sayar da motoci fiye da 450,000 a shekara da agogon jabu, a ƙasar da ake ajiye bayanai ke nan. Abin da ke da wuyar shiryawa shi ne daidaituwar ƙananan shaidu masu yawa. Robar feda da sitiyari da kujerar direba suna cinyewa gwargwadon tafiya. Kowace taya na ɗauke da lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Lambar shasi mai harafi da lamba 17, idan motar ta fito daga Amurka ce, sau da yawa takan kai mutum ga tarihinta a intanet, har da hotunanta a filin gwanjon motocin haɗari. Rasiɗan gyara na shekaru, masu kwanan wata da sunan gareji, sun fi kowace rantsuwa, domin ana iya kiran garejin a tambaya. Masu binciken ƙarya irin su Aldert Vrij na Jami'ar Portsmouth sun lura cewa maƙaryaci yakan so ya yawaita bayani, amma ya guji bayanin da za a iya bin sawunsa.

Sai kuma tsallen barewa, wato gwajin da mai gaskiya ba ya asarar komai idan ya yarda, maƙaryaci kuwa ya yi asarar komai. Mun roƙi mai motar abu uku: kada ya tayar da ita kafin mu iso da safe, mu zo da bakanikenmu, kuma a auna matsin silinda. Dalilin na farko shi ne inji mai ɗumi yana ɓoye ciwo. Mai sanyi kuwa yakan yi ƙara idan ƙarafa sun saki, ya fitar da shuɗin hayaƙi idan yana ƙona baƙin mai, ko farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa idan ruwa na shiga silinda.

Mutumin ya karɓe mu da mutunci, ya ce, "Dakta, bismilla, ku duba duk abin da kuke so." Na ɗora hannu a kan injin, na ji shi da sanyi. Wannan ya ƙara masa daraja a idona. Motar ta tashi bugu ɗaya, sai ɗan shuɗin hayaƙi da ya ɓace bayan minti guda. Bakanike ya jona na'urarsa a ramin gwaji da ke ƙarƙashin sitiyari, irin wanda doka ta wajabta wa motocin Amurka tun 1996, Turai ma ta bi baya. Babu lambar matsala ko ɗaya. Ya kuma duba ko an goge su ne kwanan nan, domin idan aka goge, kwamfutar kan nuna cewa ba ta kammala gwaje-gwajen kanta ba sai an yi 'yar tafiya. Ba a goge komai ba. Ɗan ƙanwata ya dube ni, kamar yana cewa ai na faɗa maka.

Daga nan aka kwance fulogi shida aka auna matsi. Ƙa'idar da makanikai ke bi ita ce kada bambanci tsakanin silinda ya wuce kimanin kashi 10 cikin ɗari. Biyar sun zo kusa da juna. Ta shida ta gaza su da kusan kashi ɗaya cikin uku. Bakanike ya ɗiga baƙin mai kaɗan a cikinta ya sake aunawa, matsin ya tashi, alamar zoben fistin ne ya cinye, tun da man ya toshe gibin na ɗan lokaci. Gyaran sai an sauke inji.

Mai motar ya yi shiru, sa'an nan ya nemi a sake aunawa a gabansa. Aka sake. Na yi imani, gwargwadon yadda mutumin da ya san labarin kashi 54 zai iya imani, cewa bai sani ba. Wata takwas da suka wuce ya saye ta daga hannun wani, shi ma a kan fenti da ƙarar salansa da kyakkyawar magana. Da muka tambayi wanda ya sake tsara kwamfutar injin, da irin fetur ɗin da aka saita ta a kai, ya ce wallahi haka ya same ta. Yaron ya yi daidai da ya ce mutumin kirki ne, sai dai kirkinsa bai san abin da ke cikin silinda ta shida ba.

Ya yi tayin rage kuɗin gyara daga farashi. Bakanike ya ce zai iya canja zobe, amma ba zai iya alkawarin abin da za a tarar idan an buɗe ba, kuma muddin ba a san yadda aka saita kwamfutar ba, abin da ya ci wannan silinda zai ci saura. Muka yi sallama cikin girma da arziki. A mota yaron bai ce uffan ba har muka kusa gida. Ranar Laraba ya aiko mini da hoton wata, shuɗiya, ƙirar Japan. Ya riga ya rubuta wa mai ita sharuɗɗan nan uku da kansa. Mutumin ya amince da biyu nan take, ya ce batun kwance fulogi kuwa sai ya yi shawara.