Arewa, Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Hunturu ya kama. Ƙura ta lulluɓe duwatsun Dogon Dutsi har hantsi ba a ganin kansu, leɓɓa sun tsattsage, yara na tari cikin dare, kowa ya tura ƙyaure ya toshe taga da tsumma. Duk wanda ya girma a Dallol Mawri ya san baƙon da ke biyo sawun wannan iska. Daga Disamba har saukar ruwan farko lokacin sanƙarau ne, kuma ya fi yin ɓarna idan sanyi ya juya zafi, wajajen Maris da Afrilu. Wannan kira nawa yana zuwa ga masu riƙe da ma'aikatun magajin gari goma na gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, da iyayenmu sarakuna, da limamai, da duk mai ɗa a ɗaki. A tashi tun yau, kafin a fara haƙa ƙananan kaburbura.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gadon da korona ta bar mana. Ranar 19 ga Maris 2020 aka sanar da mutum na farko da ya kamu a Nijar. Cikin 'yan kwanaki aka rufe makarantu da masallatai, aka killace Yamai, aka sa dokar hana yawon dare. Umurni ya sauko daga sama, ba a zauna da mai gari ba, ba a shawarci limamin unguwa ba. A Mirriya har tarzoma aka yi. Ga iyakar Najeriya a rufe tun Agustan 2019, ɗan kasuwa na kuka, ɗan ci-rani ya rasa hanya. Sai ranar 13 ga Mayu aka buɗe masallatai. Da ƙura ta lafa, mutumin ƙauye ya waiwaya bai ga gawarwakin da aka ce za a gani ba, ya ce: "Ashe ciwon manya ne, ashe kasuwar masu farar riga ce." Tun daga ranar, in mai shela ya zo da maganar annoba, sai a yi murmushi a ci gaba da shan shayi a fada.

Wannan murmushin shi nake tsoro. A lissafin hukuma, waɗanda korona ta kashe a Nijar duka ɗari uku ne da 'yan kai, cikin shekaru. Sanƙarau kuwa, cikin wata shida kacal na farkon 2015, ya kwantar da mutum wajen 8,500, ya kashe 573, kuma gundumar lafiya ta Dogon Dutsi na cikin wuraren da ya fi yi wa ta'adi. Korona ta fi kayar da tsofaffi da masu tsohon ciwo. Shi kuwa sanƙarau, 'yan lakwal yake ɗauka, da almajirai, da samari masu jini a jika.

A unguwarmu akwai wani saurayi da nake gani kullum yana tura baro a bakin tasha. In ka kira shi daga baya ba ya waiwayowa, sai ka taɓa kafaɗarsa. A 2015 yana ɗan shekara tara, ya dawo daga lakwal da azahar yana cewa kansa na sarawa. Uwarsa ta aika aka sayo ƙwaya wajen mai tebur. Da magariba jiki ya yi zafi rau, ya yi amai, ya ce a kashe fitila tana sokar masa ido. Kakarsa ta ce zazzaɓin cizon sauro ne, maƙwabciya ta ce iska ce ta buge shi a gindin tsamiya, aka turara masa hayaƙi, aka ba shi rubutu. Da asuba uban ya ɗago kansa don ya sha ruwa, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, yaron ya ƙwalla ƙara. Sai a lokacin aka nemo ɗan kabu-kabu. Allah Ya yi da sauran kwanansa, amma kunnuwan sun tafi, lakwal ma ta tafi da su. Dare ɗaya aka yi ana shawara, shi kuma yana biyan kuɗin wannan daren har yau.

Haka ciwon yake. Ƙwayarsa na zama a maƙogwaron mutum lafiyayye, yana yawo da ita bai sani ba, yana watsa ta da tari da atishawa, musamman a ɗakin da mutum takwas ke kwana ƙofa a rufe. Busasshiyar iska da ƙura su kan raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta samu kafa ta shiga jini, ta haura zuwa rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya. Daga kamuwa zuwa bayyana kwana 2 ne zuwa 10. Idan ba a yi magani ba, yana iya kashe rabin waɗanda ya kama. Ko da magani, kusan ɗaya cikin goma na tafiya, galibi cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma cikin waɗanda suka tashi, kusan ɗaya cikin biyar na fita da tabo: kurumta, farfaɗiya, shanyewar gaɓa ko raunin ƙwaƙwalwa.

Wani zai ce: "Ai an yi mana allura, ga katin nan a cikin akwati." Gaskiya ne, a 2010 da 2011 an bi gari-gari da allurar MenAfriVac, kuma ta yi aiki, domin nau'in A da ya addabi kakanninmu kusan ya ɓace. Sai dai sanƙarau dangi ne da shi. Wanda ya afka mana a 2015 wani sabon reshe ne na nau'in C, wanda aka fara gani a arewa maso yammacin Najeriya a 2013, wajajen Sakkwato da Kabi, kafin ya tsallako. Ya sake tashi a 2017 ya yi kaca-kaca da Zamfara. A watan Maris na 2025 ma hukumomin jihar Kabi sun sanar da mace-mace a Gwandu da Jega da Aliero. Mu da Kangiwa da Bachaka na tsallaken iyaka uwa ɗaya uba ɗaya muke: aure ɗaya, kasuwa ɗaya, zaman makoki ɗaya. Ciwo ba ya tsayawa jandarma ya duba masa takarda. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ya rage maka.

Akwai sabuwar allura mai kare nau'i biyar, A da C da W da Y da X, wadda Najeriya ta fara aiki da ita a 2024, Nijar ma ta bi a shekarar. Amma a lokacin annoba allura ba ta zuwa don an yi kuka. Tana fitowa ne daga rumbun duniya bayan ƙasa ta nuna lissafin marasa lafiya, kuma ɗakin bincike irin CERMES na Yamai ya tabbatar da nau'in ƙwayar. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a bayyane yake: a yankin da bai kai mutum 30,000 ba, mutum 2 cikin mako ɗaya ƙararrawa ce, mutum 5 annoba ce. Ku duba ƙanƙantar wannan adadi. Yaro ɗaya da aka binne shiru a wata tunga ta Sukukutan ko Dogonkiriya, aka ce "kwana ne ya ƙare", shi ne zai iya hana lissafi cika, ya jinkirta allurar gunduma guda da mako biyu. Bayan an yi allurar ma jiki na buƙatar kwana goma ko fiye kafin ya ɗauki kariya. Wanda ya ɓoye mara lafiya, 'ya'yan maƙwabta ya jefa cikin haɗari.

Zuwa ga kantomomi da ma'aikatan magajin gari. Tun Afrilun 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, babu kansilan da zai zo daga ƙauye ya buga tebur ya ce ga abin da ke faruwa a garinsu. Nauyin jin kukan ƙauye ya dawo wuyanku gaba ɗaya. Ba a ce ku sayo allura ba, wannan aikin ma'aikatar lafiya ne. Naku aikin ya fi kusa da ƙasa, kuma bai fi ƙarfin asusunku ba.

Ku tara masu gari da masu unguwa a wannan makon, tare da majo, wato shugaban asibitin yankinku, a ba kowa lambar waya ɗaya da za a kira ko tsakar dare ne. Ku sa wa mai gari kuɗin kira a wayarsa. Ku shiga ɗakin ajiyar magani da ƙafarku ku tambaya ko akwai allurar ceftriaxone, wadda ake yi wa mara lafiya kwana biyar a lokacin annoba, kuma kwalba nawa ce. Ku duba firjin allura ko yana sanyi, ku duba motar ɗaukar marasa lafiya ko tana da taya da mai. Inda mota ba ta shiga saboda rairayi, ku yi yarjejeniya da 'yan kabu-kabu da masu amalanke tun yanzu, a san wa zai biya, don kada uba ya tsaya neman jika biyu ɗansa na sanƙarewa. Ku leƙa makarantun allo da ɗakunan kwanan ɗalibai da gidan kaso, ku ga mutum nawa ke kwana a ɗaki ɗaya. Ku ba gidajen rediyon karkara lokaci kowane dare, a yi bayani da Hausar Arewa, da Zabarmanci, da Fulatanci saboda mutanen ruga.

Kada kuma a maimaita kuskuren 2020. Maganar da aka yanke a ofis aka aiko da ita a takarda, a ƙofar ofis take mutuwa. Wadda ta fito daga fadar Sarkin Arewa, ko fadar Samna a Tibiri, ko bakin liman ranar Juma'a, ita ce ke shiga har ɗakin uwargida. Ranku ya daɗe, iyayen ƙasa, talaka ya fi jin naku. Allah gafarta malamai, ku tuna wa jama'a cewa Sayyadina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, kuma ba a ce imaninsa ya ragu ba. A yi addu'a, a yi rubutu, amma a yi su a kan hanyar asibiti. Masu maganin gargajiya da 'yan bori, ku ma ga naku: ƙasar Lugu da Bagaji ta san darajarku, kuma sau da yawa ku ake fara kawo wa mara lafiya. Idan kun ga zazzaɓi da sanƙararren wuya, ku ce wannan ba namu ba ne, ku tura shi gaba a take. Wannan ba zai rage muku ƙima ba.

A yi hattara da masu cin kasuwar tsoro. A 2015, da allura ta yi ƙaranci, iyaye suka yi ta layi a kantunan magani, sai ga jabu ta ɓulla, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa a kanta a watan Mayu. Duk wanda ya zo da kwalba a jaka cikin zafin rana yana cewa allurar sanƙarau ce, a kai ƙararsa. Allurar gaskiya a asibiti take, ko hannun ma'aikatan da hukuma ta turo da akwatin sanyi.

Iyaye mata, ku ne masu gadin farko. Zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, ƙin haske, wuyan da ba ya sunkuyawa, sambatu ko suma: ko biyu daga ciki kuka gani, ku ɗauki yaro. Jariri ba ya cewa kansa na ciwo, sai ku duba maɗigarsa ko ta kumbura, ko ya ƙi nono, ko kukansa ya canza, ko jikinsa ya saki. Maigida, in za ka tafi ci-rani Kwatano ko Legas, ka bar izini a bayyane cewa a fita da yaro ko ba ka nan. Idan likita ya ce zai ɗebi ruwan baya, ku bari. Ɗan kaɗan yake ɗiba, kuma da shi ake gane nau'in ƙwayar da za a nemo wa gari duka allurarta. Ku buɗe taga ko da sanyi, ku rage cunkoson kwana, ku rufe wa yara hanci ranar da ƙura ta taso.

Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Ƙeyar nan kuwa ita sanƙarau ke kamawa. Yau yaranmu na sunkuyar da kai suna wanke allo, suna ɗaura igiyar guga, suna tsintar dankali a garake. Wanda ke da hatimi ya kira taro gobe da safe, wanda ke da mumbari ya yi magana ranar Juma'ar nan, wanda ke da ɗa ya ajiye lambar ɗan kabu-kabu a wayarsa kafin ya kwanta. Allah Ya tsare Arewa, Ya kai mu damina da 'ya'yanmu cif.