Allon hannu a gaban direba: abin da ƙwaƙwalwar mota ke faɗa wa masu ratsa Tenere

Direban da ya tashi daga Agadez zuwa Dirku ya san cewa da zarar ya bar gari ba sauran gareji, ba sabis na waya, sai yashi da rijiyoyi masu nisa da juna. Shekaru da dama kunnensa da hancinsa ne ke gaya masa lafiyar injin. Yanzu wani ɗan ƙaramin abu mai girman akwatin ashana ya shigo cikin sana'ar. Ana cusa shi a wata kafa da ke ƙasan sitiyari, ya haɗu da waya ko tablet ta Bluetooth ko Wi-Fi, sai allon ya riƙa nuna zafin ruwan injin, ƙarfin batir, gudun injin da lambobin matsala.

Kafar nan mai ramuka 16 ba don hamada aka yi ta ba. Dokar hana gurɓata iska ce ta kawo ta. Amurka ta tilasta tsarin OBD-II a kan ƙananan motoci daga 1996, Turai ta bi da motocin fetur a 2001, na gas kuma a 2004. Wani kamfani a Kanada, Elm Electronics, ya ƙera guntun ELM327 mai fassara maganar ƙwaƙwalwar mota, masana'antun Sin suka kwaikwaya suka cika duniya da shi, har kuɗinsa ya faɗi ƙasa da na cika tanki sau ɗaya. Manhajoji irin su Torque da Car Scanner suka ƙarasa aikin.

Arha kaɗai ba ta isa ta bayyana abin ba. Babban dalili shi ne motocin da kansu sun sauya. Tsohuwar Land Cruiser mai injin 1HZ famfon gas ɗinta na ƙarfe ne zalla, bakanike mai sifana da haƙuri yana iya tayar da ita a gindin tudun yashi. Hilux da ta fito daga wajajen 2005 da injin D-4D kuwa ƙwaƙwalwa ce ke auna mai, tana fesa shi da matsi mai tsanani, kuma in wata 'yar na'urar awo ta ba ta labarin da bai yi mata ba sai ta rage wa motar ƙarfi ko ta hana ta tashi. Irin waɗannan motoci sun yawaita a Agadez bayan rushewar gwamnatin Gaddafi a 2011, sannan gano zinariya a Jado da Tchibarakaten a 2014 ya ƙara musu kasuwa. Dokar Nijar mai lamba 2015-36, wadda ta hana safarar baƙin haure, ta sa an kama motoci da direbobi masu yawa, wasu suka koma bin ɓoyayyun hanyoyi inda lalacewar mota ke nufin mutuwa. An soke dokar a Nuwamba 2023, zirga-zirga ta dawo fili, amma motocin zamani sun riga sun zauna.

Akwai kuma batun mai. Wanda ake saye a jarka ko a ganga yakan zo da ƙura da ruwa, sabon injin kuwa ba ya yafe wannan. Matacin mai na toshewa, matsi ya faɗi, fitila ta kama a gaban direba. Da allo a hannu, yana iya ganin lamba kamar P0087, wadda ke nufin matsin mai ya yi ƙasa, ya fara da sauya mataci kafin a ce masa famfo ya mutu.

A ganina amfanin da ya fi kowanne girma shi ne awon zafi. A motoci da yawa allurar zafi tana tsayawa a tsakiya ko da injin na ƙara ɗumi, ba ta motsawa sai abu ya kusa ɓaci. Allo kuwa lamba yake nunawa. Direban da ke kutsawa cikin yashi mai laushi da kaya fiye da kima, a watan Mayu da zafin Agadez ke haura digiri 40, zai ga 92 ta zama 98, ta zama 104, ya tsaya ya juya gaban motar wajen iska tun kan injin bai ƙone ba. Duk wanda ya tuna mutum 92, yawancinsu mata da yara, da aka tsinci gawarwakinsu a Oktoba 2013 a arewacin Arlit bayan motocinsu sun lalace, ba zai raina gargaɗin minti goma ba.

Abin ya taɓa ciniki tsakanin mai mota da gareji. Mai mota da ya zo da lamba a hannu ba a cika juya shi ba. Sai dai lamba alama ce kawai. Tana iya cewa na'urar awon iska ta samu matsala, alhali wayar wutarta ce ƙura da girgiza suka cinye. Wanda bai iya karatun ta ba zai sayi kayan gyara masu tsada, waɗanda samunsu ya ƙara wuya tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, matsalar kuma tana nan. Tsofaffin kanikawa da suka san injin da hannu sau da yawa ba sa karanta Faransanci ko Ingilishin manhajar, yaran da ke karantawa kuma ba su san injin ba tukuna. Garejin da ya zaunar da su biyun a kan mota ɗaya shi ne ke cin moriyar abin.

Illar da ta fi damuna ita ce maɓallin goge lamba. Da taɓawa ɗaya fitilar gargaɗi ta mutu, cutar na ciki. Dillali marar tsoron Allah zai iya yin haka da safe ya sayar da mota da rana, mai saye ya loda fasinja ya nufi Segedin. Maganin yana cikin na'urar ita kanta, domin motoci da yawa suna ajiye adadin kilomitar da aka yi tun gogewar ƙarshe, kuma mai saye da ya san inda zai duba zai gani.

Sauran matsalolin ƙanana ne amma na yau da kullum. Wasu Toyota da aka ƙera don kasuwannin Afirka da ƙasashen Larabawa suna da kafar, amma manhajar gama-gari ba ta jin yarensu, sai ta kamfanin. Jabun na'urori sukan yanke magana a tsakiyar tafiya. In an bar abin a cushe kwanaki yana tsotse batir, saboda kafar tana da wuta ko an zare makulli. Tablet da aka manna a gilashi kuma rana kan kashe shi tun kafin azahar, shi ya sa wurinsa ƙasa ne, kusa da giya, inda inuwa take.

Cibiyoyin koyon sana'a na jihar Agadez da ƙungiyoyin direbobi suna da aiki mai sauƙi a nan: darasi na kwana kaɗan, da Hausa da Tamajak da Tubanci, a kan lambobin da aka fi gani a Hilux, yadda ake saita ƙararrawar zafi, da yadda ake gane motar da aka goge wa lamba kafin a biya kuɗinta.