Bizar ziyara: yadda ƴar Indunusiya ke samun izinin zuwa wurin abokin zamanta a Turai

Indunusiya ƙasa ce ta tsibirai a kudu maso gabashin Asiya. Ƙidayar shekarar 2020 ta samu mutum miliyan 270 a cikinta. Alhazanmu sun san mutanenta, domin babu ƙasar da ta kai ta yawan mahajjata. Ɗan Indunusiya yana shiga Maleziya ko Singafo ko Tailan da fasfo kawai, saboda yarjejeniyar maƙwabtaka da ke tsakaninsu. Amma idan Turai ya nufa, sai ya nemi biza, ko da kuwa mijinta ko matarsa ce ke jira a can.

Mu ɗauki misali. A ce wata mace tana zaune a birnin Surabaya. Wanda zai aure ta yana zaune a Liyon ta ƙasar Faransa. Tana son ta je ta yi wata guda, ta gaida iyayensa, ta ga gidan da ake maganar za ta zauna. Mi za ta yi?

Wace irin biza ce?

Biza izini ce da wata ƙasa ke mannawa cikin fasfon baƙo. Wadda ta dace da wannan mace ita ce bizar gajeren zama, wadda ake kira bizar Shengen. Shengen sunan wani ƙauye ne a ƙasar Luksamburg, inda aka sa hannu kan yarjejeniyar buɗe iyakoki a 1985. Tun farkon 2025 ƙasashe 29 ne ke cikin tsarin, kuma biza ɗaya ta isa a shiga dukansu. Ba a wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180. Ba a aiki da ita, ba a kuma zama da ita. Dokar ɗaya ce ga ɗan Indunusiya da ɗan Nijar, domin dukansu suna cikin jerin masu bukatar biza.

Ana nema wurin ƙasar da za a fi daɗewa cikinta, kuma daga ƙasar da mutum yake zaune. Ke nan matar Surabaya wurin ofishin jakadancin Faransa na Indunusiya za ta nema. Yawancin ofisoshin sun ba kamfanoni kamar VFS Global da TLScontact aikin karɓar dosiye da ɗaukar hoton yatsu. A lura da kyau: kamfanin karɓa kawai yake yi. Ba shi ne ke yanke hukunci ba. Duk wanda ya ce yana da hanya a ciki, a ba shi kuɗi, ƙarya yake yi.

Ana iya ajiye dosiye tun saura wata 6 a yi tafiya, kada kuma a bari ya rage ƙasa da kwana 15. Amsa takan fito cikin kwana 15, amma doka ta ba ofishin damar kaiwa kwana 45. Tun watan Yuni na 2024 kuɗin nema yuro 90 ne ga babba, wato wajen jika 59 na sefa, ban da ladan kamfanin. Idan aka hana, kuɗin ba ya dawowa. Fasfo ya kasance bai wuce shekara 10 da bayarwa ba, yana da shafi 2 da ba a rubuta kome ba, kuma yana da sauran wata 3 bayan ranar dawowa. Sai inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin aƙalla yuro 30,000, kusan miliyan 20 na sefa ke nan. Ba wannan kuɗi za a biya ba. Iyakar abin da kamfanin inshora zai ɗauka ne idan ciwo ya samu baƙo.

Tambayar da ke zuciyar ma'aikacin

Duk waɗancan abubuwa masu sauƙi ne. Inda mutane suke faɗuwa wani wuri ne daban. Ma'aikacin da ke duba dosiye tambaya ɗaya ce ta fi damunsa: wannan mace za ta koma gida kafin bizarta ta ƙare? Dokar biza ta Tarayyar Turai, wadda aka yi a 2009, ta ce a hana duk wanda ake da shakka mai dalili game da niyyarsa ta komawa.

A nan ne mai abokin zama a waje yake shiga tsaka mai wuya. Dalilin da ya sa za ta tafi, shi ne dalilin da zai sa a yi tsammanin ba za ta dawo ba. Mai zuwa kallon gari ba shi da kowa a can. Ita kuwa zuciyarta tana can. Saboda haka wasu sukan ba da shawarar a ɓoye maganar, a ce yawon buɗe ido ne kawai, a kama ɗaki a otel don a nuna takarda. A ganina wannan mummunar shawara ce. Ma'aikacin zai ga sunan mutumin yana aiko mata kuɗi cikin takardar banki. Ɗan sandan filin jirgi zai tambaye ta wa ke jiranta a waje. Ran da za ta nemi bizar zama bayan aure kuma, tsohon dosiyenta yana nan cikin kwamfuta, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abin da ya fi shi ne a faɗi gaskiya, sannan a nuna igiyoyin da ke ɗaure ta da gida. Idan ma'aikaciya ce, ta kawo wasiƙar wurin aiki mai faɗin matsayinta da albashinta, da ranar da hutunta zai fara, da ranar da za ta koma bakin aiki. Idan ƴar kasuwa ce, takardar rajistar sana'a. Idan ɗaliba ce, shaidar makaranta. Takardar fili ko ta gida tana taimakawa. Haka ma ƴaƴa da ke makaranta, ko tsohuwa da take kula da ita. A Indunusiya kowane gida yana da katin iyali, Kartu Keluarga, mai ɗauke da sunayen mutanen gidan, kuma kowane baligi yana da katin ɗan ƙasa da suke kira KTP. Waɗannan da takardar aihuwa su ne ke nuna wanda ta bari a baya.

Tsawon ziyarar ma magana yake yi. Mai albashi da ta ce za ta yi kwana 90 a karon farko ta jawo wa kanta tambaya, domin wane wurin aiki ne ke ba da hutun wata uku? Mako uku ko huɗu ya fi kama da gaskiya.

Aure na takarda da aure na baki

Idan sun riga sun yi aure, sai a nuna shaidarsa. Dokar aure ta Indunusiya ta 1974 ta ce a rubuta kowane aure wurin hukuma. Musulmi suna rubutawa a ofishin harkokin addini, KUA, a ba miji da mata ɗan littafi da ake kira buku nikah. Waɗanda ba Musulmi ba suna zuwa ofishin rajistar jama'a. Amma akwai masu ɗaura aure gaban malami da shaidu, su tsaya nan. Can ana kiran wannan nikah siri. Wurin dangi aure ne cikakke. Wurin ofishin jakadanci kuwa babu shi, tun da babu takarda. Masu irin wannan aure suna iya zuwa kotun addini a tabbatar da shi, sannan a ba su littafin, amma abin yana cin lokaci. Mu ma nan mun san irin wannan: aure ya shekara goma, ba a taɓa kai shi ma'aikatar magajin gari ba, sai ran da bukata ta taso a shiga gudu.

Waɗanda ba su yi aure ba tukuna, sai su rubuta gajeruwar wasiƙa: yaushe suka haɗu, a ina, sau nawa ya zo Indunusiya. Kofin shafukan fasfonsa masu hatimin shiga ƙasar ya fi hoto ɗari ƙarfi. Hotuna kaɗan sun isa.

Wani ƙaramin abu da ke ɓata babban aiki shi ne suna. Ƴan Indunusiya da yawa suna ɗaya gare su, kamar shugabanninsu na farko Sukarno da Suharto. Takardun Turai kuwa suna neman suna biyu. A duba cewa yadda aka rubuta sunan a fasfo, haka yake a tikiti da inshora da takardar gayyata, harafi da harafi.

Aikin mai masauki

Shi ma na Liyon yana da nasa aikin. Idan a gidansa za ta sauka, sai ya je da kansa ma'aikatar magajin garinsu ya nemi takardar karɓar baƙo. Zai kai shaidar ko shi wane ne, da ta gidan da yake ciki, da ta abin da yake samu, ya sayi tambur na yuro 30. Asalin takardar zai aika mata, ba hotonta ba, don haka a lissafa kwanakin gidan waya. A Jamus da Holand ma akwai irin wannan takarda da mai masauki ke sa wa hannu gaban hukuma.

Faransa ta ƙayyade guzurin baƙo na kowace rana. Mai takardar karɓar baƙo yuro 32 da rabi, mai ɗaki a otel yuro 65, wanda ba shi da ko ɗaya yuro 120. Ga matarmu mai kwana 30, yuro 975 ke nan, wajen jika 640. Za ta nuna takardar banki ta wata 3 na baya. Ma'aikacin ba ƙasan shafi kawai yake dubawa ba. Yana bin yadda kuɗi ke shiga da fita. Asusun da ya yi wata biyu babu kome, sai kwatsam aka zuba masa miliyoyin rufiya ana saura mako guda, kowa ya san kuɗin aro ne. Idan mutumin ne zai ɗauki nauyin tafiyar, ya rubuta haka a fili, ya haɗa da takardun albashinsa.

Idan aka hana

Ba a hana mutum a baki. Ana ba shi takarda mai jerin dalilai, an sa alama gaban wanda ya shafe shi. A karanta ta a natse, ko a nemi mai karantawa. Akwai damar ɗaukaka ƙara. Ga Faransa, tun 2023, ana aika ta ofishin biza na birnin Nant cikin kwana 30. Sau da yawa sabon dosiye da aka gyara ya fi ƙara sauri. Amma mayar da takardun jiya ba tare da ƙarin kome ba, ɓarnar jika 59 ce.

Wadda ta samu kuma, tafiyar farko ita ce jarinta. A watan Yuli na 2025 Tarayyar Turai ta sassauta wa ƴan Indunusiya mazauna ƙasarsu: wanda ya samu biza ɗaya cikin shekara 3 da suka wuce, ya yi amfani da ita bisa doka, ana iya ba shi ta shekara 5 mai shiga da fita sau da yawa. Wadda ta ƙara kwanaki bayan bizarta ta ƙare tana iya rasa wannan dama. Ɓoyewa ma ta yi wuya, domin daga Oktoba na 2025 aka fara rubuta shiga da fitar baƙi cikin kwamfuta a iyakokin Shengen.

Ran tafiya, kada ta sa takardunta cikin akwatin da za a loda. Biza ba ta tilasta wa ɗan sandan iyaka ya buɗe ƙofa, yana da ikon sake tambaya. Ta riƙe takardar karɓar baƙo, da ta inshora, da tikitin dawowa a jakar hannu, da lambar wayar mai jiranta a rubuce kan takarda, ko da cajin salula zai ƙare a hanya.