Ina Ya Kamata Teburin Ma'aikaci Ya Fuskanta? Al'adar Feng Shui A Ofisoshin Hong Kong

A birnin Hong Kong, idan kamfani ya kama sabon ofis, sau da yawa kafin kafinta ya shigo da kujera ko ɗaya akan fara gayyato wani masani. Shi wannan mutum yakan zo riƙe da wani faifai mai allurar kamfas a tsakiya, wanda ake kira luopan, ya tsaya bakin ƙofa ya auna inda ginin ya fuskanta. Daga nan sai ya faɗi inda za a ajiye teburin manaja, da kusurwar da akawun kuɗi zai zauna, har ma da ranar da ta dace a tare. Ladan da ake ba shi ba kaɗan ba ne, kuma masu biyan nan 'yan boko ne, mutanen banki da lauyoyi.

Sunan wannan sana'a feng shui, wato iska da ruwa a harshen Sinanci. Asalinta zaɓen wurin kabari ne, kuma ana danganta tsohon littafinta na binne mamata ga wani malami mai suna Guo Pu, wanda ya rasu a shekarar 324. Masu al'adar sun yi imani cewa akwai wani ƙarfi da ido ba ya gani, mai suna chi, wanda iska ke warwatsawa, ruwa kuma ke tsarewa. Aikin masani shi ne ya nemo inda ƙarfin ke taruwa. Da tafiya ta yi tafiya sai aka ɗauko ƙa'idojin daga maƙabarta aka kawo su gidaje da fadoji.

Wanda ya dubi fadar sarakunan Sin ta birnin Beijin, wadda aka gama a 1420, zai gane cewa ba duka ne camfi ba. Fadar kudu ta fuskanta, da rafi a gabanta, a bayanta kuma akwai tudun Jingshan wanda aka tara da ƙasar da aka haƙo daga ramin da ya kewaye fadar. A arewacin Sin iskar hunturu mai tsananin sanyi daga arewa take tasowa, rana kuwa ta kudu take shigowa ɗaki. Saboda haka gidan da ya ba arewa baya, ya sami tudu ya jingina, shi ne gida mai ɗumi da haske. Manomin da bai taɓa jin sunan Guo Pu ba ya san wannan.

Wannan tsari na tudu a baya da fili a gaba shi aka shigo da shi cikin ofis. Ana so ma'aikaci ya zauna bango na bayansa, yana iya ganin ƙofa ba tare da ya waiwaya ba, amma kada teburin ya yi saiti da ƙofar sosai. Ba a so ya ba taga baya, ko ya zauna ƙarƙashin ƙarfen da aka gitta a rufi, ko kusurwar kabad mai kaifi ta nuna shi. Agogon da ya tsaya, da shukar da ta bushe, da tarin takardu a ƙasa, duk ana cewa suna toshe hanyar chi, don haka a gyara su ko a fitar da su.

Har yanzu babu na'urar da ta taɓa auna chi, kuma binciken kimiyya bai tabbatar da cewa juya tebur yana kawo riba ko ƙarin girma ba. Sai dai wasu daga cikin ƙa'idojin sun yi daidai da abin da aka gano ta wata hanya dabam. A 1975 wani malamin ilmin ƙasa na Ingila, Jay Appleton, ya yi bayanin cewa ɗan Adam ya fi samun natsuwa a wurin da yake hango abin da ke gabansa alhali bayansa a kare yake. Duk akawun da aka taɓa zaunar da shi ƙofa na bayansa, masinja da baƙi suna ta wucewa, ya san yadda hankali ke rabuwa biyu. Haka kuma a 2014 masu bincike na jami'o'in Northwestern da Illinois a Amurka sun gwada ma'aikata 49, suka tarar cewa masu taga a ofis sun fi marasa taga barci da kimanin minti 46 a kowane dare. Mutum 49 ba su da yawa, amma sakamakon bai saɓa wa hankali ba. Batun tarin takardu kuwa ba ya bukatar masani: fayil ɗin da ya nutse ƙarƙashin wasu ɗari, mai shi ne zai yi ta zirga-zirga wata da watanni.

Bayan 1949 gwamnatin Kwaminis ta Sin ta ɗauki al'adar a matsayin camfi, aka kuma tsananta wa masu yin ta a zamanin juyin al'adu na 1966 zuwa 1976. Hong Kong tana hannun Ingila a lokacin, har zuwa 1997, don haka can sana'ar ta sami mafaka, ta kuma haɗu da kuɗi.

Da bankin HSBC ya tashi gina hedkwatarsa, wadda Norman Foster ya zana aka gama a 1985, an nemi shawarar masanin feng shui. An bar ƙasan ginin a buɗe jama'a na ratsawa, aka karkatar da matakalu biyu masu tafiya da lantarki maimakon a miƙe su, aka kuma zaɓi lokacin da za a maido da zakoki biyu na tagulla da ke gadin ƙofar. Ba da nisa ba sai Bankin Sin ya ta da nasa benen, zanen I. M. Pei, mai tsawon mita 367, aka buɗe shi a 1990. Gefunansa masu kaifi ne, mutanen gari suka ce wuƙaƙe ne da ke sarar maƙwabta, ɗaya ma ta nufi gidan Gwamna. A kan rufin HSBC akwai injunan ɗaga kaya guda biyu masu kama da igwa, suna kallon wancan benen, kuma har yau jama'a na cewa martani ne. Tung Chee-hwa, wanda ya fara shugabantar yankin a 1997, bai tare a gidan Gwamnan ba, jaridu kuma suka danganta hakan da feng shui.

Inda tsoro ya haɗu da dukiya, ba a rasa mai cin moriya. Nina Wang, shugabar kamfanin Chinachem kuma ɗaya daga cikin mata mafi arziki a Asiya, ta rasu a 2007. Sai mai ba ta shawarar feng shui, Tony Chan, ya fito da wata wasiyya da ta mallaka masa dukiyarta. Kotu ta yanke a 2010 cewa takardar jabu ce, a 2013 kuma aka ɗaure shi shekara 12. A lokacin shari'ar an ji cewa matar ta riga ta ba shi maƙudan kuɗi tun tana da rai.

Ƙaramin ma'aikaci dai ba shi da kuɗin ɗaukar masani, ba shi kuma da ikon juya teburin da aka kafe a babban ɗaki mai ɗaukar mutum hamsin. Abin da masanan kan ba irinsa shawara shi ne ya nemi kujera mai dogon majingini ta zame masa tudu, ya kwashe takardun da suka gama aiki, ya kuma kafa ɗan madubi a gefen kwamfutarsa yadda zai hango duk wanda ya taho ta bayansa.