Bukkar Dako: Abin da Maharbi Mai Baka Ke Dubawa Kafin Ya Saya

Mai bindiga yana iya kayar da barewa daga nisan yadi 200, ba ta ma san da shi ba. Mai kwari da baka kuwa sai ta matso kusa, yadi 20 ko 30, inda take jin gogar hannun rigarsa. A wannan kusancin akwai motsi guda da ba shi da makawa: sai ya ɗaga baka ya ja tsirkiya har kunci. Yawancin naman da ke kuɓuce wa maharbi a daidai nan yake kuɓucewa. Maharbanmu na gida sun daɗe da sanin haka, shi ya sa wasunsu ke ɗaura kan burtu a goshi su yi rarrafe cikin ciyawa, dabba ta ɗauka tsuntsu ne ke kiwo. A jihar Wiskonsin ta Amurka, inda nake zaune kuma nake fita farauta tare da maƙwabtana, hanya biyu aka fi bi: ko dai mutum ya hau bishiya ya zauna kan wani ɗan dandamalin ƙarfe, ko ya shiga wata 'yar bukka ta yadi da ake naɗewa a goya a baya, a buɗe ta cikin minti ɗaya ko biyu. Ita nake kira bukkar dako.

Farauta da baka tsohuwar al'ada ce a nan. Wiskonsin ce jihar farko da ta ware wa masu baka lokacin farautar barewa nasu na kansu, tun 1934. A 1969 wani mutumin jihar Mizuri, Holless Wilbur Allen, ya sami rajistar mallakar baka mai kurori a bakinsa biyu, wanda ke rage wa mai harbi nauyi idan ya gama ja, kuma shi ne bakan da akasarin mutane ke riƙewa yau. Shekaru da yawa bishiya ce wurin zaman mai baka. Sai dai faɗowa daga bishiya na cikin manyan abubuwan da ke raunata maharba a ƙasar nan, kuma dattijo mai ciwon gwiwa ko uban da ke son ya fita da 'yarsa ba za su hau ba. Ga kuma filayen noma da babu bishiyar kirki. A shekarun 1990 wasu maharba biyu a Minesota, Keith Beam da Brooks Johnson, suka kafa kamfanin Double Bull suna ɗinka bukkoki domin masu baka, daga baya kamfanin Primos ya saye shi. Yau akwai Ameristep da Barronett da Rhino da wasu da dama, farashi daga kusan dala 100 har sama da 400.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai zoben ƙarfe mai lanƙwasuwa, wadda da ka sake ta take tsalle ta miƙe da kanta. Ba ta da nauyi, ba ta da tsada, amma iska na kaɗa bangonta, cikinta kuma yawanci matsattse ne. Ɗaya irin ita ce mai cibiya: kowane bango da rufin yana da sanduna huɗu da suka haɗu a tsakiya, ka ja igiyar cibiyar waje sai bangon ya baje ya ɗaure tamau kamar lema. Cibiyoyi biyar ke nan, huɗu na bango ɗaya na rufi. Ta fi nauyi, takan kai kilo 6 zuwa 12, amma ga mai baka ita nake ba da shawara ba tare da wani jinkiri ba, domin bangonta a ɗaure yake, kuma ya kumbura waje ya bar wa gwiwar hannu wuri.

Abin da na fi son mai karatu ya riƙe shi ne: daga ciki ake zaɓen bukka, a zaune, da baka a jaye. Mutane na tsayawa a kanti suna kallon zanen ganye da rassan da aka buga a jikin yadin, suna gardamar wanne ya fi kama da daji. Wannan shi ne abu mafi ƙarancin muhimmanci. Bukkar da za ta ishi mai bindiga mutum biyu tana iya yi wa mai baka ɗaya kaɗan. Idan ka ja tsirkiya, hannu ɗaya yana miƙe gaba da baka, kibiya ta ɗan zarce shi, gwiwar ɗaya hannun kuma tana can baya. Ga shi ba a son ka manne da taga. Ana son ka koma can ƙurya cikin duhu. In gwiwar hannunka ta taɓa bangon baya, dukan bukkar za ta girgiza, barewa kuma ta gama gani.

A jikin kwali ana rubuta awo uku. Akwai faɗin ƙasa, wanda a yawancin bukkoki yake kusan inci 58 zuwa 60 kowane gefe. Akwai faɗi daga cibiya zuwa cibiya, wanda ya fi girma saboda kumburin bango, sau da yawa inci 70 zuwa 77, kuma shi ne ainihin wurin da hannunka zai samu. Sannan tsayi, galibi tsakanin inci 65 da 70 a tsakiya. A kula, a tsakiya ne kawai. Rufin na saukowa ta gefe, kuma a gefen kake zaune. Baka mai kurori gajere ne, inci 30 zuwa 35, yana shiga kusan kowace. Amma mai riƙe da bakan gargajiya na inci 60 ko fiye, dole ya nemi doguwa mai kai inci 80, in ba haka ba bakin bakansa na sama zai daki rufi lokacin da ya saki. Shi ya sa nake ce wa duk wanda ya tambaye ni ya tafi kanti da bakansa da kujerarsa, ya nemi izini ya shiga wadda aka kafa don nuni, ya ja a hankali ya juya hagu da dama. Kantunan kayan farauta na nan sun saba da wannan roƙo.

Daga girma sai taga, kuma a nan ne ake yawan yin asarar da ke ɓata mini rai. Idon maharbi da ma'aunin saitinsa suna sama da kibiya da 'yan incina. Yana iya ganin barewa sarai ta taga, alhali kan kibiyar yana fuskantar yadin da ke ƙasan tagar. Ya saki, kibiya ta goge bakin taga ta kauce. Da a ce kuskure kawai take yi, da sauƙi. Sau da yawa samun dabbar take a ciki ko a cinya, ta gudu da rauni ta je ta mutu a wahale inda ba wanda zai same ta. Wanda ya ambaci sunan Allah ya saki kibiya ga mai rai, hakki ne a kansa ya yi iyakar ƙoƙari ta faɗi da wuri. Don haka tagogi masu tsawo daga sama zuwa ƙasa sun fi wa mai baka amfani a kan masu faɗi a kwance, musamman in ƙasar wurin gangare ce ko dabbar ta matso ƙwarai. Mafi kyau su ne waɗanda ake iya ɗaga bakinsu ko sauke shi yadda ake so. Kujera ma wani ɓangare ne na taga: tsayinta ne ke yanke inda kibiyarka za ta fita. A nemi wadda ba ta da madafar hannu da za ta tare tsirkiya, ba ta ƙara, kuma tana juyawa.

Cikin bukka baƙi ya kamata ya zama, maharbi ma ya sa baƙar riga da baƙin safar hannu ya rufe fuska. Kayan sojan daji da ake sawa a waje haske suke yi a cikin duhun. Kuma kada a buɗe taga ta gaba da ta baya lokaci guda, domin haske zai ratsa ya fitar da siffar mutum ƙarara. Ni nakan buɗe biyu kawai ta ɓangaren da nake sa ran harbi, sauran in bar ɗan tsagi na leƙe.

Wasu tagogin na zuwa da raga mai laushi wadda aka yi don a harba ta cikinta. Tana da amfani, domin barewa na tsarguwa da baƙin rami a jikin bukka, ragar kuma na rufe shi. Amma kan kibiya iri biyu ne. Akwai mai tsayayyun wuƙaƙe, wanda ke ratsa raga ba tare da matsala ba a ɗan gajeren nisa, akwai kuma mai naɗaɗɗun wuƙaƙe da ke buɗewa in ya daki nama. Na biyun yana iya buɗewa tun a jikin raga ya karkata. Duk mai amfani da shi ya sauke ragar. Raga kuma na cin haske, ga cikin bukka da ma ya fi waje duhu, sai ka tarar da almuru saitinka ya dushe tun kafin lokacin da doka ta yarda a yi harbi ya ƙare. In ba ka ganin saiti da kyau, ajiye baka.

Ƙara ita ce ta gaba. Zif da mannau irin na Velcro abokan gaba ne a safiyar sanyi da ba iska. Tagogin da ke zamewa kan igiya ko masu ƙugiya da roba ko maganaɗisu sun fi. Ƙofar ma a duba ta: mutum zai shiga cikin duhun asuba da jaka da baka da kujera, in ƙofar 'yar tsaga ce mai dogon zif, ya tashi dajin gaba ɗaya. Kaurin yadi kuma ana rubuta shi da lamba, 150 ko 300 ko 600. Mai babbar lamba ya fi kauri da nauyi, ya fi tare haske, bai cika kaɗawa ba. A murza shi a hannu a ji ko yana ƙarar leda, a kuma duba ko yana ƙyalli a rana. A 'yan shekarun nan an fito da yadi mai ƙananan huji wanda na ciki ke ganin waje na waje ba ya ganin ciki. Yana da daɗi ƙwarai, musamman in kana tare da yaro, sai dai iska mai sanyi na shiga, kuma in rana ta faɗo ta bayanka inuwarka na iya fita.

Sannan wace dabba kake nema? Talo-talon daji, wanda aka dawo da shi Wiskonsin daga Mizuri a 1976 bayan ya ƙare a jihar, idonsa ya fi na kowa kaifi wajen gane motsi, amma bukka ba ta dame shi ba. Kana iya kafa ta a tsakiyar gona da asuba a watan Afrilu ko Mayu, ya zo har gindinta. Mai neman sa yana yawan sauya wuri, don haka mara nauyi mai jakar goyo mai kyau ta fi masa. Barewa mai farar wutsiya daban take. Ta san kowane kututture a hanyarta, kuma idanunta da ke gefen kai suna ganin kusan digiri 300. Sabon abu mai kusurwa huɗu da ya tsiro dare ɗaya zai sa ta tsaya tana buga ƙafa tana huci. Ana kafa mata bukka mako biyu ko uku kafin a fara, a jingina ta da kurmi, a lulluɓe rufin da kusurwoyin da rassa da ciyawar wurin. Saboda haka a duba ko bukkar na da madaukai a jiki da ake soka rassa. A can yamma kuma, a Wayomin da Montana, ana dakon barewar fili a bakin tafki cikin zafin Agusta da Satumba tun safe har yamma. Can abin nema shi ne ƙofofin shan iska a rufi da turaku masu ƙarfi.

Kada kowa ya yarda da tallan da ke cewa bukka na ɓoye wari. Tana ragewa kaɗan, amma hancin barewa ya fi ƙarfin yadi. A kafa ta inda iska za ta ɗauke warin mutum daga hanyar dabba, in iska ta juya ranar, a haƙura da wurin.

Akwai batun doka da tsaro. Kakar masu baka a Wiskonsin na farawa tsakiyar Satumba ta kai farkon Janairu, a tsakiyarta kuma akwai kwana tara na masu bindiga a watan Nuwamba. A lokacin bindiga, bukkar da ke filin hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar dole ta ɗauki ƙyalle mai ruwan lemo ko ruwan hoda mai haske, aƙalla murabba'in inci 144, wanda ake gani ta kowane ɓangare. Dalilin a fili yake: ka ɓuya a ƙasa, daidai tsayin da harsashi ke bi. Barewa ba ta bambance ruwan lemo da ja yadda muke yi, shuɗi ta fi gani, saboda haka ƙyallen bai rage komai ba. Kowace jiha da tata dokar kan barin bukka ta kwana a filin gwamnati, sai a karanta kafin a kafa. Mai kunna na'urar ɗumama ta gas a ciki kuma ya bar taga a buɗe, domin hayaƙinta marar wari yana kisa.

Turakun da ke zuwa cikin kwali galibi sirara ne, gara a sayi manya a ɗaure kowace cibiya da igiya, in ba haka ba iska mai ƙarfi za ta turo bango ciki ko ta kwashe bukkar zuwa gonar maƙwabci. Dusar ƙanƙara mai nauyi na danne rufi har ta karya sanduna, sai a tokare cibiyar sama da sanda kafin a tafi gida. Rana na kodar da yadi cikin 'yan watanni in aka bar shi a waje, shanu da beyar kuma na yaga shi. A tambayi mai kanti ko ana samun sanduna da cibiya na canji, domin su ne ke fara lalacewa. In kaka ta ƙare a shanya ta ta bushe sarai kafin a naɗe.

Wanda ya saya, ya kafa ta a bayan gida tun kafin kaka, ya zauna kan kujerar da zai yi farauta da ita, cikin rigar sanyin da zai sa, ya yi ta harbin allo ta kowace taga, a yadi 10 da 20 da 30, da rana da kuma almuru. A nan zai gane tagar da ke cin kibiyarsa da kusurwar da gwiwar hannunsa ke taɓa bango, ya gyara tun babu dabba a gabansa.