Daga Tsaunukan Mandara Zuwa Dutsen Kamaru: Dalilin Da Ya Sa Ba A Hawan Dutse Mai Aman Wuta Sai Da Jagora

Duwatsun da suka kewaye Mubi da Michika da Madagali a Jihar Adamawa ɓangare ne na Tsaunukan Mandara, waɗanda suka shimfiɗu a kan iyakar Najeriya da Kamaru. Masana ilimin ƙasa sun sanya yankin cikin wani dogon jerin duwatsun aman wuta da ya taso daga Tekun Atlantika ya nufi Tafkin Chadi. A nan arewa wutar ta daɗe da mutuwa. Tsirin duwatsun Rhumsiki da ke tsallaken iyaka narkakken dutse ne da ya daskare a maƙogwaron tsofaffin duwatsun aman wuta.

A kudancin jerin kuwa lamarin ya sha bamban. Dutsen Kamaru, wanda garin Buea ke gindinsa, ya haura mita 4,000 a tsayi, kuma har yanzu yana raye. Ya yi aman wuta a 1982 da 1999 da 2000. A 1999 narkakken dutse ya malalo har ya datse hanyar mota a yammacin Limbe. Tun 2009 dutsen ya zama gandun daji na ƙasa, kuma ba a barin baƙo ya hau sai da ɗan jagora.

Dalili na farko shi ne tsayi. Babu ƙololuwar da ta kai mita 1,500 a Mandara, don haka wanda ya saba da hawan Sukur, wurin tarihin da UNESCO ta amince da shi a 1999, bai gwada jikinsa da ƙarancin iska ba. Daga kusan mita 2,500 cutar tsauni kan fara bayyana: ciwon kai, tashin zuciya, jiri da kasa barci. Ba ta duba ƙarfi ko ƙuruciya. Idan ta tsananta ruwa kan taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma babban maganinta shi ne a sauko nan take. Jagora ne ke tsara tafiyar kwana biyu zuwa uku, a yada zango a bukkokin da ke kan hanya, domin jiki ya saba sannu a hankali.

Na biyu shi ne yanayi. Zafi kan ragu da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000, ga hazo da kan rufe hanya cikin ɗan lokaci. Shi ya sa aka fi hawa da rani, daga Nuwamba zuwa Maris.

Na uku shi ne dutsen kansa. Girgizar ƙasa da sabbin tsagewa na daga cikin alamomin da kan riga aman wuta, kuma mazauna wurin sun fi baƙo gane su. Haɗarin bai tsaya ga wuta ba: a 1986 iskar gas da ta fito daga Tafkin Nyos, a kan wannan jeri, ta hallaka mutane fiye da 1,700.

Akwai kuma batun tsaro, domin Buea na yankin masu amfani da Turancin Ingilishi da ke fama da rikicin 'yan aware tun 2017. Mai niyyar tafiya daga Mubi sai ya binciki halin hanya, ya ga likita idan yana da ciwon zuciya ko na huhu ko sikila, ya kuma amince tun daga ƙasa cewa in jagora ya ce a juya, to a juya.